Allo da Alli: Zumuntar Sudan da Masar, Ina Rabon Talaka?

Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina da ƙasarmu ta shiga, amin.

A wannan watan ina so mu duba dangantakar da ke tsakanin ƙasarmu Sudan da ƙasar Masar. Dalili kuwa shi ne, tun da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023, mutanenmu fiye da miliyan ɗaya suka tsallaka zuwa Masar, kamar yadda gwamnatin Masar ɗin da kanta ta bayyana. Da wuya ka sami unguwa a nan Gadarif, ko Kasala, ko Sinnar, wadda ba ta da wani nata a Alkahira ko Aswan. Saboda haka maganar Masar ta shigo mana har cikin gida, ta wuce hirar masu sauraren labaran duniya a rediyo.

Duk lokacin da shugabannin ƙasashen nan biyu suka haɗu, abin da mukan ji shi ne kogi ɗaya, al'umma ɗaya, makoma ɗaya. Ba ƙarya suka yi ba. Amma Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. To, tukunyar wannan zumunta a kan duwatsun murhu uku take zaune, wato siyasa, da ciniki, da soja. Abin da na lura da shi cikin tarihinta shi ne, dutsen soja ya fi sauran zama daram, kuma duk ranar da manya suka saɓa, matafiyi da ɗalibi da ɗan kasuwa su ne suke fara jin zafin wutar. Bari mu bi abin daki-daki, mai karatu ya yi wa kansa hukunci.

Asalin zumuntar

Mu Hausawa ba baƙin Masar ba ne. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Jalaluddin Suyuɗi, babban malamin Alkahira, ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. A masallacin Azhar kuma akwai ɓangaren da aka keɓe wa ɗaliban Barno tun zamanin da. Wannan zumunta ce ta ilmi da hanyar Hajji, ba ta da soja a cikinta.

Amma dangantakar hukuma da hukuma da takobi ta fara. A 1820 Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar, ya aiko da runduna ta ci ƙasar nan, aka shiga zamanin da muke kira Turkiyya, har Mahadi ya kawo ƙarshensa a 1885. Bayan faɗuwar daular Mahadiyya, sai aka ƙulla yarjejeniyar 1899 wadda ta ce Ingila da Masar za su mulki Sudan tare, ko da yake kowa ya san Turawan Ingila ne ke riƙe da akala. A 1924 ma, bayan an kashe Gwamna Janar Lee Stack a Alkahira, Ingila ta kori sojojin Masar daga Sudan gaba ɗaya.

Da aka zo neman 'yanci, 'yan siyasarmu sun rabu gida biyu. Wasu na son haɗewa da Masar, wasu na cewa Sudan ta 'yan Sudan ce. Jam'iyyar Isma'ila Azhari, mai ra'ayin haɗewa, ita ta ci zaɓen 1953, kuma a lokacin Janar Muhammadu Najib ne shugaban Masar, mutumin da aka haifa a Hartum, wanda 'yan Sudan ke ƙauna ƙwarai. Da Jamal Abdunnasir ya ture shi a 1954, sai zukata suka yi sanyi. Ran 19 ga Disamba, 1955, majalisa ta zaɓi cikakken 'yanci, aka ɗaga tuta ran 1 ga Janairu, 1956. Shekara biyu kacal bayan haka, a Fabrairun 1958, rigimar Halayib ta tashi, har gwamnatin Abdullahi Halil ta kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Tushen rigimar shi ne iyaka biyu da Turawa suka shata, ɗaya a 1899, ɗaya a 1902, kowace ƙasa ta riƙe wadda ta fi mata daɗi. Har yau ba a warware ta ba, kuma Masar ce ke iko da yankin tun cikin shekarun 1990.

Ruwa da mutanen Halfa

Babbar yarjejeniyar da ta ɗaure ƙasashen biyu ita ce ta ruwan Nilu, wadda gwamnatin Janar Ibrahim Abbud ta sa wa hannu ran 8 ga Nuwamba, 1959. An ƙiyasta ruwan da ke isa Aswan a shekara kubik mita biliyan 84. Aka cire biliyan 10 wanda rana ke shanyewa, aka ba Masar biliyan 55.5, Sudan kuma biliyan 18.5. Da wannan Masar ta sami damar gina babbar madatsar Aswan, mu kuma muka sami damar gina ta Rusairis da ta Hashmil Girba.

To, wa ya biya kuɗin wannan yarjejeniya? Duk wanda ya taɓa bin hanyar Gadarif zuwa Kasala ya wuce kusa da amsar. Tafkin da madatsar Aswan ta tara ya cinye garin Wadi Halfa da ƙauyukansa, da gonakin dabino, da kaburburan kakanni. Daga farkon 1964 aka riƙa kwaso Nubawa cikin jirgin ƙasa, mutum wajen dubu 50, aka kawo su filin Buɗana, wurin da ake kira Sabuwar Halfa a yanzu. Diyyar da Masar ta biya gwamnatin Sudan fam miliyan 15 ce ta kuɗin Masar. Mutanen da suka saba da bakin kogi da ƙasar da ruwan sama bai cika sauka ba, sai ga su a ƙasar laka da tsawa da damina. Ba a nemi yardarsu ba kafin a sa hannu, kuma wurin da aka kai su ba shi ne wanda akasarinsu suka zaɓa ba. Wannan shi ne darasi na farko. An yi rabon ruwa a kan tebur, wanda ke zaune a bakin ruwan shi ya ɗauki kayansa a ka.

Dutsen soja

Ta fuskar soja kam, ba mai musun cewa ƙasashen biyu sun tsaya wa juna. Da Isra'ila ta ci Masar da yaƙi a Yunin 1967, Hartum ce ta karɓi taron shugabannin Larabawa a ƙarshen Agustan shekarar, kuma jama'a suka fito suka tarbi Abdunnasir kamar wanda ya dawo da nasara. A gidan Firayim Minista Muhammadu Ahmad Mahjub aka sulhunta shi da Sarki Faisal na Saudiyya a kan yaƙin Yaman. Masar ta kawo jiragen yaƙinta Wadi Sayyidna, ta kawo ɗaliban kwalejin sojanta Jabal Auliya, don su yi nesa da harin Isra'ila. Sojojin Sudan sun zauna a bakin Mashigin Suwez, kuma a yaƙin Oktoban 1973 ma an aika da runduna.

Masar ita ma ta rama. Bayan yunƙurin kifar da Ja'afar Numairi ran 2 ga Yuli, 1976, wanda 'yan adawa suka shirya daga Libiya, shi da Anwar Sadat suka sa hannu a yarjejeniyar tsaron haɗin gwiwa a cikin wannan watan. Ma'anarta, wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗayan. Da Sadat ya yi sulhu da Isra'ila a 1979, ƙasashen Larabawa suka yanke hulɗa da Masar, Sudan na cikin ƙasashe ƙalilan da suka ƙi yankewa. A Oktoban 1982 aka sa hannu a takardar Takamul, wato shirin haɗa tattalin arzikin ƙasashen biyu, aka kafa Majalisar Kwarin Nilu, aka kuma sauƙaƙa wa jama'a zirga-zirga. Da wani jirgi ya jefa bom a Umdurman a Maris ɗin 1984, aka zargi Libiya, nan da nan Masar ta kawo ɗauki bisa yarjejeniyar 1976.

Sai dai akwai tambayar da ya kamata ɗalibi mai hankali ya yi. Wa wannan yarjejeniya take karewa, ƙasa ko mai mulkin ƙasa? Da jama'a suka tashi suka kawar da Numairi a Afrilun 1985, a Alkahira ya sauka, ya zauna can har 1999, duk da kiran da aka yi ta yi a miƙo shi. Wannan ya sa mutane da yawa suka ɗauki yarjejeniyar a matsayin laimar Numairi. Gwamnatin Sadiƙul Mahadi ta maye gurbin Takamul da wata takardar 'yan'uwantaka a 1987, sa'an nan a 1989 ta ba da sanarwar soke yarjejeniyar tsaron. Shi kuwa babban aikin haɗin gwiwa na wancan zamani, wato magudanar Jongole da aka fara haƙawa a 1978 don ƙara ruwan da ke gangarawa arewa, yaƙin Kudu ya tsayar da shi bayan an haƙa wajen kilomita 240 daga cikin 360. Mutanen Kudu ma ba a nemi ra'ayinsu yadda ya kamata ba.

Ranar da manya suka saɓa

Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Bayan Umar Bashir ya hau mulki a 1989, ba a daɗe ba aka fara kallon hadarin kaji, musamman da Iraƙi ta mamaye Kuwaiti a 1990, Masar ta bi ɓangaren Amurka da Saudiyya, Hartum ta ƙi bi. Ku dubi abin da aka fara taɓawa. A 1993 gwamnatin Sudan ta karɓe reshen Jami'ar Alkahira da ke Hartum, aka mai da shi Jami'ar Nilain, aka kuma karɓe makarantun da Masar ke gudanarwa a ƙasar nan. Da aka kai wa Husni Mubarak hari a Addis Ababa ran 26 ga Yuni, 1995, Masar ta zargi Hartum, kuma abin da ya biyo baya shi ne ɗan Sudan, wanda a da yake shiga Masar ya zauna kamar ɗan gida, aka ce sai ya nemi biza da takardar iƙama. Wanda ya shirya harin daban, wanda ya tsaya a layin ofishin jakadanci daban.

Bayan Bashir ya raba gari da Hasan Turabi a ƙarshen 1999 ne aka fara gyarawa. A 2004 aka ƙulla yarjejeniyar 'yanci huɗu: 'yancin shiga da fita, da na zama, da na aiki, da na mallakar dukiya. A takarda ba abin da ya fi wannan kyau. A aikace kuwa, Masar ta buɗe ƙofa ga mata da yara da dattawa, amma ta ci gaba da neman biza daga maza matasa da magidanta 'yan ƙasa da shekara 50, wato waɗanda su ne masu neman aikin da masu fataucin. A 2017 Sudan ta rama da irin wannan sharaɗi a kan maza 'yan Masar. A Janairun 2018 har jakadanmu aka kira ya dawo gida daga Alkahira, bayan Bashir ya ba Turkiyya izinin gyara tsibirin Sawakin, abin da bai yi wa Masar daɗi ba. Bayan wata biyu jakada ya koma, manya suka sha hannu, amma sharaɗin biza yana nan inda yake.

Riɗinmu da raƙumanmu

Mu koma kan ciniki, domin nan ne abin ya fi shafar aljihun mutumin Gadarif. Tun zamanin da, raƙuman Darfur da Kurdufan suna bin hanyar Darbul Arba'in zuwa Masar, kuma har yanzu kasuwar Daraw kusa da Aswan da ta Birƙash kusa da Alkahira da raƙuman Sudan aka san su. Ban da raƙuma, muna kai musu shanu, da riɗi, da gyaɗa, da auduga, da zoɓorodo, da 'ya'yan kankana. Su kuma suna kawo mana taki, da magunguna, da kayan roba, da kayan gini, da abincin gwangwani da na leda. Ƙasashen biyu suna cikin kasuwar bai-ɗaya ta Komesa tun 2000. A da jirgin ruwa ne kawai tsakanin Wadi Halfa da Aswan, amma a Agustan 2014 aka buɗe ƙofar Ashket da Ƙustul ta ƙasa, a 2016 kuma aka buɗe ta Arƙin, sai manyan motoci suka sami hanya. A 2020 aka haɗa layin wutar lantarki daga Masar zuwa arewacin Sudan.

Mai karatu ya sake duba jerin nan biyu. Abin da ke fita daga wajenmu ɗanye ne, abin da ke shigowa sarrafaffe ne. Kasuwar amfanin gona ta Gadarif ita ce babbar kasuwar riɗi ta ƙasar nan. Amma kowa ya san yadda abin yake tafiya. Ƙaramin manomi ya ci bashin shel tun da damina don ya biya kuɗin shara da ci da iyali. Riɗi kuwa ba ya jira, in ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube, don haka dole a ɗauki 'yan ƙwadago da tsada a cikin 'yan kwanaki. Da kaka kowa ya kawo nasa kasuwa lokaci guda, farashi ya faɗi, manomi ya sayar don ya biya bashi. Wanda ke da sito da jari shi zai ajiye, shi zai fitar waje. Can a Masar a tace shi, a matse mai, a yi ɗahina da halawa, a zuba a gwangwani da suna mai kyau. Ribar da ke tsakanin buhu da gwangwani ba ta kwana a Gadarif.

Ba laifin Masar ba ne da ta gina masana'antu. Laifin namu ne da muka yi shekara 80 muna noman inji a wannan yanki, tun da aka fara shi a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, amma har yanzu akasarin riɗinmu a buhu yake fita. Sai dai akwai kukan da direbobinmu da 'yan kasuwarmu suka daɗe suna yi, cewa motocin Masar suna shigowa can cikin Sudan su yi lodi, alhali nasu ba sa samun irin wannan dama a can. Wannan kuka na cikin abin da ya sa a farkon 2022 mutanen Wilayar Arewa, waɗanda suka fara da zanga-zangar ƙarin kuɗin wuta, suka tare babbar hanya suka tsayar da motocin Masar na makonni.

Ciniki kuma ya zama sandar duka in an yi faɗa. A 2016 da 2017 gwamnatin Bashir ta hana shigo da kayan gona na Masar, ta ce saboda lafiya ne, sai a Oktoban 2018 aka ɗage bayan an shirya. A Oktoban 2024 kuma Dakarun Da'amus Sari' suka hana fitar da kaya zuwa Masar daga yankunan da ke hannunsu, bayan shugabansu ya zargi Masar da kai musu hari ta sama, zargin da Masar ta musanta. Makiyayin da ya yi shekara yana kiwon raƙumi don ya kai Daraw, shi wa ya tambaye shi?

Gadarif tsakanin aboki da maƙwabci

Akwai wani abu da ya keɓanta da mu mutanen wannan wilaya. Masar tana can nesa, Habasha kuwa tana bakin ƙofarmu. Daga Gallabat ƙafa za ka taka ka shiga Matamma. 'Yan ƙwadagon Habasha suna cikin masu yanke riɗin nan da muke magana. Kuma ruwan da ake rabawa tun 1959, mafi yawansa daga duwatsun Habasha yake gangarowa, ga shi ba a sa ta cikin rabon ba.

Da Habasha ta fara gina babbar madatsarta a kan Shuɗin Nilu a 2011, Masar ta ga barazana ga rayuwarta. Sudan kuwa ta tsaya tsakiya, domin madatsar tana da amfani gare mu ta wajen wuta da daidaita ambaliya, tana kuma da haɗari in ba a sanar da mu yadda ake sakin ruwa ba, tun da Rusairis na ƙasa da ita kaɗan. A nan Gadarif ne, a Disamban 2013, wajen bikin haɗa layin wuta da Habasha, Bashir ya fito fili ya goyi bayan madatsar a gaban Firayim Minista Hailemariam Desalegn. A Maris ɗin 2015 ƙasashen uku suka sa hannu a takardar manufofi a Hartum.

Bayan faɗuwar Bashir a 2019 iska ta juya. A Nuwamban 2020 yaƙin Tigrai ya ɓarke, dubban 'yan gudun hijira suka shigo aka zaunar da su a Um Rakuba da Tunaidba, sojojinmu kuma suka shiga Fashaga suka karɓe gonakin da manoman Habasha suka daɗe suna nomawa. A cikin wannan watan ne Sudan da Masar suka yi atisayen jiragen yaƙi a Marawi. A Maris ɗin 2021 hafsoshin ƙasashen biyu suka sa hannu a sabuwar yarjejeniyar soja a Hartum, aka sake yin atisaye, aka kuma yi wani babba a watan Mayu mai suna Masu Tsaron Nilu. Habasha dai ta ci gaba da aikinta har ta buɗe madatsar a Satumban 2025.

Abin da nake so mu gane shi ne, duk ranar da aka ja daga tsakanin Masar da Habasha, filin dagar yana iya zama gonakinmu. Fashaga ƙasar Sudan ce bisa iyakar da aka shata a farkon ƙarni na 20, wannan ba abin ja ba ne. Amma manomin da ke bakin kogin Atbara yana bukatar ƙofar Gallabat a buɗe, kamar yadda yake bukatar ta Arƙin a buɗe. Abota da na nesa kada ta sa a ɓata da na kusa.

Da wuta ta kama

Ranar da yaƙi ya tashi a 2023, sojojin Masar suna Marawi, Da'amus Sari' suka kama su, aka mayar da su gida bayan 'yan kwanaki. A Yulin shekarar Alkahira ta tara shugabannin ƙasashen da ke maƙwabtaka da Sudan. Tafiyar farko da Janar Abdulfattah Burhan ya yi waje bayan tashin yaƙin, Masar ya nufa, a ƙarshen Agusta. A Disamban 2025 fadar shugaban Masar ta fitar da sanarwa cewa ba za ta yarda a raba Sudan ba, har ta ambaci yarjejeniyar tsaron haɗin gwiwa. Ka ga dutsen soja bai motsa ba.

Ta wajen jama'a fa? Gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗe ta: Masar ta karɓi mutanenmu masu yawan gaske a lokacin da ita kanta take fama da tsadar rayuwa, kuma talakawan Masar da dama sun yi halin kirki. Wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Amma ran 10 ga Yuni, 2023, wata biyu bai cika da tashin yaƙi ba, aka wajabta biza a kan kowane ɗan Sudan, har mata da yara da tsofaffi. Hukumomin Masar sun ce don maganin masu buga takardun jabu ne. Mutane suka yi watanni a Wadi Halfa suna jira. Waɗanda suka gaji suka bi masu fasa-ƙwauri ta hamada a bayan a-kori-kura, kuma a zafin Yunin 2024 mutane da dama suka mutu a wannan hanya. A Agustan 2023 an fito da dokar cewa baƙon da ke zaune ba bisa ƙa'ida ba ya biya dala 1,000 ya gyara zamansa. A 2024 aka rufe makarantun 'yan Sudan da ba su da lasisi, yara da yawa suka zauna gida. Yarjejeniyar 'yanci huɗu, wadda aka yi don irin wannan rana, ba ta yi aiki a ranar ba. Daga Yulin 2025 aka sa jiragen ƙasa na kyauta daga Alkahira zuwa Aswan don masu son komawa gida, bayan soja sun karɓe Madani da Hartum a farkon shekarar.

Abin da ya rage gare mu

To 'yan'uwa, mu da ba a gayyatarmu teburin yarjejeniya, me ya kamata mu yi?

Na farko, takardu. Duk 'yancin da aka rubuta tsakanin ƙasashe biyu, mai fasfo ne kaɗai ke cin moriyarsa, fasfo kuma ba ya samuwa sai da lambar ɗan ƙasa, wato raƙam waɗani. Mu Hausawa mun fi kowa sanin ciwon wannan. Dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi mutum ya tabbatar kakanninsa suna ƙasar nan tun ƙarshen 1897, abin da ya bar da yawa daga iyayenmu a waje, har da zuriyar waɗanda suka zo bayan yaƙin Burmi na 1903. Dokar 1994 ta mayar da ma'aunin zuwa 1 ga Janairu, 1956. Wannan haƙƙinmu ne, ba alfarma ba. Amma har yanzu akwai gidajen da maigida ne kaɗai ke da lamba, mata da 'ya'ya ba su da ita, jarirai ba takardar haihuwa. A aji nakan ga yaro mai ƙoƙari ya kai shekarar jarrabawa, sai maganar takarda ta tsayar da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Limamai da masu unguwa su taimaka a bi gida-gida.

Na biyu, masu 'yan'uwa a Masar su ja musu kunne su sabunta iƙama a kan lokaci, ko su yi rajista da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Kada kuma kowa ya ba ɗansa kuɗin mota ya bi hamada. Wanda zai dawo, ya taho da takardun makarantar yaransa da hatimi a kai.

Na uku, manomanmu su haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mutum ashirin suka haɗa kuɗi suka kama sito, ba dole su sayar da riɗi ranar da kowa ke sayarwa ba. In suka ƙara ƙoƙari suka sayi injin tacewa ko na matse mai, wani abu daga ribar nan zai kwana a gida.

Na huɗu, ranar da zaman lafiya ya dawo aka zo sake duba yarjejeniyoyi, wakilan wannan wilaya su buɗe baki. A tambaya, me ya sa 'yanci huɗu ba ya aiki daidai ta ɓangarorin biyu? Me zai hana motar Sudan ta je inda motar Masar ke zuwa? Wane tanadi aka yi wa manomin bakin iyaka? Mutanen Halfa ba a tambaye su ba a 1959. Kada mu yarda a maimaita mana irin wannan saboda shirunmu.

Ba na cikin masu cewa a yanke zumunta da Masar. Kogin da ya haɗa mu ba mu muka haƙa shi ba, kuma ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita tana bukatar abokai. Abin da nake cewa shi ne a auna zumuntar da abin da tsohuwa ta gani a ƙofar Arƙin, da abin da manomi ya karɓa a kasuwar Gadarif, kamar yadda ake auna ta da atisayen Marawi.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya dawo mana da 'yan'uwanmu gida cikin aminci, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Mai gyara ko ƙarin bayani ya aiko ta hannun edita. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.